Lambobi biyu a kan fim ɗaya: asalin saɓanin masu sharhi da masu kallo a finafinan Marvel da DC

A farkon watan Agusta na shekarar 2016, kwanaki kaɗan kafin a fara nuna fim ɗin Suicide Squad a gidajen silima na Amurka, dubban mutane suka rattaba hannu a kan wata takardar koke ta intanet suna neman a rufe shafin Rotten Tomatoes, mai tattara sharhin finafinai, ɗungurungum. Laifin shafin a wurinsu shi ne ya nuna cewa akasarin masu sharhin finafinai sun kushe fim ɗin, kamar yadda suka kushe Batman v Superman a watan Maris na wannan shekarar, kuma masu koken sun ɗauki hakan a matsayin ƙiyayya ga duk abin da ya fito daga gidan DC, kamfanin mujallun zane mai labaran Superman da Batman. Sai dai a lokacin da aka fara sa hannun ba a saki fim ɗin ba tukuna, wato suna kare abin da idonsu bai gani ba. Sannan kamfanin Warner Bros., wanda ya yi finafinan biyu, shi ne ya mallaki shafin har zuwa farkon 2016 da ya sayar wa kamfanin tikiti na Fandango, kuma ko bayan cinikin bai cire hannunsa daga harkar gaba ɗaya ba. Da shafin yana murɗe sakamako, da finafinan mai gidansa ne za su fara cin moriya.

Na fara da wannan labari ne domin a cikinsa ake ganin siffar rigimar baki ɗaya. Shekara fiye da goma ke nan masoya finafinan sadaukai irin su Superman da Batman da Spider-Man, waɗanda ake ciro labarinsu daga mujallun zane na Marvel da DC, suna kai ruwa rana da masu sharhi, kuma duk lokacin da gardama ta tashi sai a ɗaga lambobi biyu, ta masu sharhi da ta masu kallo, a ce ga hujja. Abin da nake gani shi ne lambobin nan da ake gwara kansu suna amsa tambayoyi ne mabambanta, mutanen da aka tambaya ma ba iri ɗaya ba ne, kuma babu ɗaya a cikinsu da ta cancanci a kira ta muryar jama'a.

An kafa Rotten Tomatoes a 1998, kuma sunan ya samo asali ne daga tsohuwar al'adar Turawa ta jifan ɗan wasan da ya gaza da ruɓaɓɓen tumatir. Aikin shafin shi ne ya tattaro sharhin da aka buga a jaridu da mujallu da sauran kafofi, ya kasa kowane sharhi gida biyu, ko yabo ko suka, sannan ya fitar da kason waɗanda suka yaba. Idan kason ya kai 60 cikin 100 sai a saka wa fim jan tumatir lafiyayye, idan bai kai ba a saka masa ruɓaɓɓe. Mutane da yawa suna karanta wannan lamba kamar makin jarrabawa, alhali ƙidayar hannayen da aka ɗaga ce kawai. A ce masu sharhi ɗari sun kalli fim, kowannensu ya ce ba laifi, ana iya kallo, to wannan fim zai samu kashi 100. A ce kuma wani fim ɗin rabin masu sharhi sun ce ba su taɓa ganin irinsa ba, rabi sun ce ya tayar musu da hankali ba gaira ba dalili, to wannan kashi 50 zai samu, a yi masa tambarin ruɓa. Ma'aunin ba ya jin zurfin so, ba ya jin zurfin ƙi.

Wannan shi ne ya bayyana wani abu da ya daɗe yana yi wa masoya DC ciwo. Tun daga Iron Man a 2008, kamfanin Marvel a ƙarƙashin Kevin Feige ya gina salo guda da yake bi a kusan kowane fim: labari mai tafiya salin-alin, raha a tsakanin faɗa, jarumi mai shiga rai, babu abin da zai ɓata wa kowa rai ƙwarai. Irin wannan fim da wuya mai sharhi ya ce ya lalace, ko da ya manta da shi kafin ya isa gida, don haka sai lambarsa ta hau sama. Ant-Man and the Wasp na 2018 ya samu fiye da kashi 85, fim ɗin da ko masoyan Marvel ba sa lissafa shi cikin manya. Joker na Todd Phillips kuwa, wanda ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Venice a 2019, aka zaɓe shi a rukuni 11 na Oscar, Joaquin Phoenix ya lashe kyautar gwarzon ɗan wasa da shi, bai kai kashi 70 ba, domin ya raba kan masu sharhi. Wanda ya dubi lambobin biyu ya ce masu sharhi sun fifita na farko a kan na biyu, ya jingina musu maganar da ba su yi ba.

Ɗaya lambar, ta masu kallo, ita ce ake kambamawa a matsayin hukuncin talakawa, kuma matsalarta ta fi ta farko girma. Mai sharhi aikinsa ne ya kalli duk abin da aka fitar, wanda yake so da wanda ba ya so, sau ɗaruruwa a shekara. Wanda ya sayi tikitin fim ɗin Batman a daren farko kuwa ya riga ya zaɓi kansa, ya shafe watanni yana jira, wataƙila tun yana yaro yake karanta labarin, kuma Hausawa sun ce so hana ganin laifi. Saboda haka ne masu harkar silima a Amurka suka fi dogara da wani kamfanin bincike na birnin Las Vegas mai suna CinemaScore, wanda tun ƙarshen shekarun 1970 yake raba wa mutane ƙuri'a a ƙofar silima a daren farko, ya fitar da maki daga A+ zuwa F. Masana harkar sun san cewa tunda masoya ne suke cika ɗakin a wannan dare, fim ɗin sadaukai da ya samu B ya shiga uku. The Avengers na 2012 da Black Panther da Avengers: Endgame da Spider-Man: No Way Home duk A+ suka samu. Batman v Superman B ya samu.

A kan wannan fim na darakta Zack Snyder ya kamata a tsaya, domin daga gare shi ne maganar cewa masu sharhi sun rabu da jama'a ta yi ƙarfi. Masu sharhi da suka yaba shi ba su kai kashi 30 ba, lambar masu kallo kuwa ta haura 60, kuma a ƙarshen makon farko ya tara dala miliyan 166 a Amurka, abin da masoyansa suka ɗauka a matsayin amsa ga masu suka. Amma kuɗin makon farko na talla ne da ɗoki, domin yawancin tikitin an saye shi kafin kowa ya ji labarin abin da ke ciki. Hukuncin masu kallo na haƙiƙa a mako na biyu yake fitowa, lokacin da wanda ya gani ya koma ya gaya wa abokinsa ya je ko kada ya ɓata kuɗinsa. A mako na biyu kuɗin Batman v Superman ya faɗi da kashi 69, kuma ya ƙare a wajen dala miliyan 873 a duniya, a fim ɗin da ya haɗa manyan sadaukai biyu mafi shahara tun 1938 da 1939, wanda kowa ya yi zaton zai wuce biliyan ɗaya cikin sauƙi. Jama'ar da aka ce sun saɓa wa masu sharhi, da ƙafafunsu suka nuna cewa sun fi kusa da masu sharhin fiye da yadda lambar shafin ta nuna. Akwai mutanen da suke son fim ɗin da zuciya ɗaya, kuma ina girmama wannan so, sai dai ƙarfin muryarsu ya ninka yawansu.

Bayan shekara uku aka ga akasin haka. A 2018 Brie Larson, wadda za ta fito a matsayin Captain Marvel, ta yi jawabi tana kira da a faɗaɗa sahun masu sharhi, tana dogaro da wani binciken jami'ar Kudancin California da ya duba sharhin manyan finafinai 100 na 2017 ya gano cewa kusan kashi 78 na sharhin maza ne suka rubuta, kashi 82 kuma farar fata. Wasu suka ɗauki maganar a matsayin cin fuska, suka yi gangami suna zuba wa fim ɗin munanan kalamai tun ba a sake shi ba, har shafin ya rufe damar yin tsokaci kafin fitowar fim a watan Fabrairun 2019. Duk da haka lambar masu kallo ta Captain Marvel ta tsaya ƙasa da kashi 50, alhali waɗanda aka tambaya a ƙofar silima A suka ba shi, kuma ya tara fiye da dala biliyan 1.1. An taɓa shirya irin wannan gangami a kan Black Panther a 2018, sai Facebook ya rufe zauren da ake kitsa shi. A watan Mayun 2019 Rotten Tomatoes ya kawo gyara, ya fara fifita ƙuri'ar wanda aka tabbatar ya sayi tikiti. Gyaran ya toshe kafa ɗaya ya buɗe wata, domin yanzu masu ɗokin nan na daren farko ne suka mamaye ƙidayar, lambobin suka riƙa hawa har ga finafinan da ba su tsinana komai ba. Morbius na 2022, wanda masu sharhi kashi 15 kawai suka yaba, ya samu wajen kashi 70 daga masu kallo. Da kamfanin Sony ya ga ana ta ambaton sunan fim ɗin a intanet, galibi da zolaya, sai ya mayar da shi silima kusan dubu a watan Yuni, kuma abin da ya samu a wannan ƙarshen mako bai wuce 'yan dubu ɗari na dala ba.

Duk da wannan, ba zan ce babu saɓani na gaskiya ba. Venom na 2018 misali ne mai kyau: masu sharhi kusan kashi 30 ne suka yaba, masu kallo wajen 80, kuma fim ɗin ya yi ta tafiya har ya tara dala miliyan 856, kaso mai tsoka daga ƙasar Sin. Masu sharhi sun duba ginin labarin suka ga ya tarwatse, kuma gaskiya suka faɗa. Masu kallo sun zo ganin Tom Hardy yana gardama da dodon da ke zaune a cikin jikinsa, sun sami nishaɗin da suka biya kuɗi dominsa, su ma gaskiya suka faɗa. Mai sharhi yana tambaya ne ko an yi aikin da kyau, ko akwai sabon abu a ciki idan aka jera shi da dubban finafinan da suka gabace shi. Mai kallo yana tambaya ne ko ya ci kuɗinsa a wannan dare. Mutumin da ya ga birni yana rushewa a ƙarshen fim sau talatin a shekara ba zai ji abin da wanda ya gani sau uku yake ji ba, kuma ya kamata masu sharhi su amince cewa gajiyar da suke ji wani lokaci tasu ce su kaɗai.

Zargin da ya fi yawo shi ne cewa Disney, wanda ya sayi Marvel a 2009 kan dala biliyan 4, yana sayen masu sharhi. Tarihin lambobin bai goyi bayan wannan zargi ba. Masu sharhin da ake cewa suna ƙin DC su ne suka ɗaga The Dark Knight a 2008 da Wonder Woman a 2017 sama da kashi 90, kuma su ne suka yi wa Eternals tambarin ruɓa a 2021, na farko da hakan ta faru da shi a jerin finafinan da Marvel ya fara tun daga Iron Man, duk da cewa Chloé Zhao da ta ba da umarninsa ta ci Oscar a wannan shekarar. A Nuwamban 2017, da Disney ya hana jaridar Los Angeles Times halartar nunin finafinansa saboda wani rahoto da ta yi kan hulɗarsa da hukumomin birnin Anaheim, manyan ƙungiyoyin masu sharhi suka ce ba za su saka finafinan kamfanin a kyaututtukansu ba, kuma cikin kwanaki kamfanin ya janye. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A 2023 mujallar Vulture ta wallafa bincike da ya nuna yadda wani kamfanin talla yake biyan ƙananan masu sharhi domin su ɗaga lambar wasu ƙananan finafinai, ta kuma bayyana dabarar manyan kamfanoni ta fara nuna fim ga waɗanda aka san za su yaba, domin lambar farko ta fito da kyau a daidai lokacin da ake sayen tikiti. Ant-Man and the Wasp: Quantumania ya fara da kusan kashi 80, kafin sauran sharhi su shigo ya gangaro ƙasa da 50. Masoyan da suke shakkar lambar suna da dalili, kuskurensu shi ne sun nuna yatsa ga mai rubuta sharhi maimakon sashen tallan kamfanin.

Abin da ya fi damuna a rigimar shi ne yadda take komawa cin mutunci. A watan Yulin 2012, da mai sharhi Marshall Fine ya rubuta sharhin suka na farko a kan The Dark Knight Rises, barazanar da aka riƙa aika masa, har da ta kisa, ta sa shafin ya rufe tsokaci a kan fim ɗin, kuma nan ma masu zagin ba su kalla ba tukuna. A wannan shekarar ɗan wasa Samuel L. Jackson ya nemi mabiyansa su taya mai sharhi A. O. Scott na jaridar New York Times neman wani aiki saboda sharhinsa a kan The Avengers, fim ɗin da Jackson ya fito a ciki. Mutum ya ɗauki kamfanin da ya mallaki biliyoyin daloli ya mayar da shi kamar ƙungiyar ƙwallon da yake goyon baya, ya riƙa jin duk wata suka kamar an zagi gidansu, wannan hasara ce ga mai kallon kansa, domin ya sallama 'yancinsa na cewa abu bai yi ba.

Labarin Justice League, wani fim ɗin DC, ya haɗa kyawun wannan soyayya da muninta a wuri ɗaya. Snyder ya bar aikin a 2017 bayan rasuwar 'yarsa, Joss Whedon ya ƙarasa shi da sauye-sauye masu yawa, fim ɗin ya fito bai gamsar da kowa ba, ya tsaya a wajen dala miliyan 657. Masoya Snyder suka shafe fiye da shekara biyu suna kiran a saki ainihin aikinsa: suka yi hayar allunan talla a New York, suka sa jirgi ya ja ƙyalle a sararin San Diego, suka kuma tara kuɗi masu yawa ga wata gidauniya mai aikin hana mutane kashe kansu. A gefe guda wasu daga cikinsu sun addabi ma'aikatan kamfanin Warner da 'yan jarida da zagi, kuma a 2022 mujallar Rolling Stone ta ruwaito cewa binciken da kamfanin ya sa aka yi ya gano aƙalla kashi 13 na asusun da suka shiga gangamin na bogi ne. A ƙarshe Warner ya kashe wajen dala miliyan 70, fim ɗin mai tsawon awa huɗu ya fito a HBO Max, manhajar kallon finafinai ta intanet, a watan Maris na 2021. Abin lura shi ne masu sharhin da suka ba na 2017 kusan kashi 40 sun ba wannan fiye da 70. Darakta ɗaya ne, gidan DC ɗaya ne, masu sharhin ma galibi su ne, fim ɗin ne ya canja, ra'ayi ya bi shi.

Maganar darakta Martin Scorsese ta Oktoban 2019, inda ya kwatanta finafinan Marvel da wuraren wasan yara na zamani ya ce ba su ne abin da ya sani da silima ba, ana yawan cusa ta cikin wannan gardama, amma ita damuwarta daban ce. A rubutun da ya yi daga baya a New York Times ya bayyana cewa abin da yake tsoro shi ne irin waɗannan finafinai sun mamaye gidajen silima har sauran ba sa samun wuri. Wannan batu ne na kasuwa da rabon allo, kuma mutum yana iya son Endgame ya kuma yarda da shi.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: su wane ne masu kallon da ake magana da yawunsu? CinemaScore a wasu biranen Arewacin Amurka yake raba ƙuri'arsa, tantance tikitin Rotten Tomatoes ma a kan kasuwar Amurka aka gina shi, alhali mafi yawan manyan finafinan nan fiye da rabin kuɗinsu daga wajen Amurka yake shigowa. Mutanen Sin da suka ɗaga Venom, da 'yan Najeriya da suka sa Black Panther: Wakanda Forever ya tara fiye da naira biliyan ɗaya a silimun ƙasar, da matashin da ya kalli Endgame a wayarsa a Kano ko Damagaram, duk ba a ƙirga su. Idan muka ɗauko lambar nan muna gardama a kanta, ra'ayin wasu muke aro.

Wanda ba a ƙirgawa kwata-kwata kuwa shi ne mutumin da ya ga talla ya yanke shawarar zama a gida, kuma tun daga 2023 shi ne yake yanke hukunci mafi nauyi. The Marvels, ci gaban Captain Marvel, ya fito a Nuwamban 2023, a daidai lokacin da yajin aikin 'yan wasan Hollywood ya hana jarumansa tallata shi, kuma bayan shekarun da Marvel ya yi yana zubo finafinai da shirye-shiryen Disney+ babu ƙaƙƙautawa, abin da shugaban Disney na lokacin Bob Iger da kansa ya amince ya rage ingancin aikin. Masu sharhi sun ba shi kashi 60 da 'yan kai, masu kallon da aka tantance suka ba shi wajen 80, kusan ninki biyu na abin da fim ɗin farko ya samu. Amma Captain Marvel ya buɗe da dala miliyan 153 a Amurka, The Marvels ya buɗe da miliyan 46, ya ƙare da wajen miliyan 206 a duniya, mafi ƙanƙanta a jerin finafinan da Marvel ya fara tun daga Iron Man. Waɗanda suka je sun ji daɗi sun danna yabo, miliyoyin da suka cika silima a 2019 kuma ba su dawo ba, babu kuma wanda ya miƙa musu ƙuri'a a ƙofa.